C40, CG122 ko C5: amsa ga ɗan'uwanmu na Daura mai son komawa jitar nailan

Salam 'yan'uwa. Ɗan'uwanmu na Daura ya yi tambaya jiya da daddare, yace shekara takwas kenan yana kaɗa jita mai tsirkiyar waya, wato ta ƙarfe, yanzu kuma ranshi ya biya da jitar Sifen mai tsirkiyar nailan wadda ake kaɗawa da yatsu, yana son wadda kuɗinta ba zai karya shi ba amma kuma ba ta 'yan koyo ba, sai ya jero guda ukku da ya gani, Yamaha C40, Yamaha CG122 da Cordoba C5, yace wacce ta fi. To Malam ga abinda na sani, dan duka ukkun sun ratsa hannuna.

Kafin maganar kuɗi bari in faɗa maka abinda hannunka zai tarar, dan nan ne mutane ke karaya. Wuyan jitarka ta waya faɗinshi daga sama bai wuce milimita 43 ko 44 ba, na nailan kuwa 52 ne, kuma a shimfiɗe yake ba ya da ɗan tudun nan da ka saba, ga shi wuyan yana haɗuwa da jiki a firet na 12 ba na 14 ba, firet su ne siraran ƙarafunan nan da ke jere a kan wuya. In kana cikin masu leƙo babban yatsa ta saman wuya su danne tsirkiyar sama, to wannan ɗabi'ar ta ƙare, dole yatsan ya koma baya ya zauna. Tsirkiya ma ta fi nisa da wuya, wajen milimita 4 a mai kauri, 3 a siririya in ka auna a firet na 12, ranar farko za ka ce jitar ce ba a saita ba alhali haka ake yinta. Amma fa yatsunka da suka yi kanta a kan waya za su ji kamar auduga suke dannawa, sati biyu ukku hannun zai saba. Duka ukkun da ka lissafo faɗin wuyansu ɗaya, tsawon tsirkiya ɗaya, milimita 650, dan haka ba nan bambancin yake ba.

Bambancin yana fuskar jitar, wato katakon gaba mai ramin nan, shi ne ke fitar da murya. Fuskar C40 filawud ce, siraran katako aka manna kan juna. Jita ce mai ƙwari, ba ta da rigima, kuma ita ce mafi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, da ƙaninka ne zai fara koyo wallahi ita zan ce a saya mashi ba tare da dogon tunani ba. Amma kai kunnenka ya riga ya buɗe. Shekara takwas ba kwana takwas ba ce, ka san yadda sauti ke tashi ya daɗe yana shawagi kafin ya mutu, C40 kuwa kana kaɗawa sautin ke faɗuwa, ka taɓa a hankali ko ka ja da ƙarfi kusan murya ɗaya za ta ba ka, kuma duk daɗin jitar nailan a nan yake, yadda naman yatsa ke bada murya daban farce ya bada daban, kusa da rami ta yi taushi kusa da jaki, wato ɗan katakon da ake ɗaure tsirkiya a kan fuska, ta yi kaifi. Wata ukku za ka yi ka fara neman wanda zai saye ta.

Dan haka ainihin karon tsakanin CG122 ne da C5, su biyun fuskarsu katako ne zalla ba manni ba, baya da gefe kuma filawud, kuma a ƙasarmu wannan haɗin shi ne daidai, zan zo kan dalili.

CG122 kala biyu ce, akwai MS mai fuskar sufurus, akwai MC mai fuskar sida. Sufurus shi ne farin katakon da galibi ke kan jitar waya, muryarshi garau take tana da haske, kuma yana ƙara daɗi da daɗewa. Sida ja-ja ne, muryarshi ta fi ɗumi da kauri kuma tun ranar farko yake buɗe baki, illarshi taushi, farce kaɗan ya taɓa shi sai tabo, dan haka in za ka ɗauki mai sida ka aje ɗan robar nan da kake kaɗa waya da shi, dan jitar nailan ba ta da faifan kariya a ƙasan rami. Fentin CG122 ba mai sheƙi ba ne, ni kam hakan ya fi min, hannu ba ya manne wa wuya in zufa ta karyo lokacin bazara. Abinda nake yaba wa Yamaha shi ne aikinsu ba ya cika sauyawa, ka ɗauko goma za ka tarar kusan duk ɗaya suke, wannan kuwa babban abu ne ga wanda zai yi aike Legas ko Kano a sako mashi a mota bai taɓa ba bai ji ba.

C5 fuskarta sida ce, baya da gefe filawud ɗin mahogani, dangin maɗacin nan namu. Ba ta da nauyi a hannu, muryarta ta fi ta CG122 cika ɗaki, tsirkiyun sama masu kauri suna da gurnani mai daɗi, ga ado da sheƙi, kuɗinta ma ya ɗara na CG122, ya haura ninki biyu na C40. Amma abinda yasa nake fifita ta gare ka ba ado ba ne. A cikin wuyanta akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa ko sassautawa da ɗan makulli, irin wadda ke cikin jitarka ta waya, yawancin jitocin nailan ba su da ita, C40 da CG122 ma babu. In wuya ya ɗan lanƙwashe saboda sauyin yanayi, mai sanda ka juya ka miƙe abinka, marar sanda kuwa sai dai a goge ƙashin jaki, farin abin nan da tsirkiya ke hawa, a rage tsawo, in ya wuce nan sai haƙuri, kuma ka san mai gyaran jita na ƙwarai ba a bakin hanya yake ba a Katsina balle Daura. Af, ga wanda bai sani ba, Yamaha ta saye kamfanin Cordoba tun 2023, dan haka yanzu duk gida ɗaya ne.

To ga maganar da ta fi damuna, hunturu. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari, mu kuwa nan a Janairu da Fabrairu yana faɗowa ƙasa da 20, lokacin da leɓe ke fashewa da kaushi ke tsaga dunduniya, to haka katako ke ji. Jitata ta farko mai fuska zalla a bango na rataye ta a ɗakina can Ƙofar Marusa, ina alfahari da ita, wata asuba ina shirin fita masallaci na ji tas, kamar an karya tsinke, na haska fitila sai ga tsaga siririya kamar gashi ta taso daga bayan jaki har gindi, kafin nan ma bakin ƙarafunan firet sun riga sun fito suna yankar yatsa dan katakon wuya ya tsuke, ban gane gargaɗi ba ne. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Filawud ba ya saurin tsagewa haka, wannan ce falalar C40 ta gaskiya, kuma shi yasa nace baya da gefe na filawud alheri ne gare mu, jitar da duk jikinta katako ne zalla ta fi tsada kuma ta fi shiga haɗari. Maganin ba wuya, ka sayi akwati mai tauri mai rufewa ruf, ka sami gidan sabulu na roba ka huhhuda shi, ka jiƙa soso ka matse sosai ka sa ciki ka aje a akwatin wajen kan jitar inda ba zai taɓa katako ba, duk kwana biyu ka duba. Da damina ta kankama a Yuli da Agusta sai ka cire. Ka lissafa kuɗin akwatin cikin kuɗin jita tun yanzu. Kuma kar ka bar ta cikin but ɗin mota da rana, gam ɗin jaki na saki.

Wani ya kawo maganar Yamaha NTX1 a ƙarƙashin tambayarka. Ita wuyanta 48 ne, tana haɗuwa a firet na 14, tana da wurin jona sifika, an yi ta ne dan masu waya irinka su samu sauƙi, in wasan biki ko situdiyo ne burinka ta yi, amma jikinta siriri ne, ba tare da sifika ba muryarta ba ta kai waɗancan ba, kai kuma kace kiɗan yatsu na asali kake so. Alhambra 1C da ake yi a Sifen tana da kyau ƙwarai sai dai kuɗinta ya fita daga layin da ka zana.

Dan Allah ko da wasa kar ka ɗaura wa jitar nailan waya. Saitin waya yana jan sama da kilo 70, na nailan wajen 40, fuskar kuma siririya ce, 'yan sanduna ne kamar mafici ke riƙe da ita ta ciki, tsarin da Antonio de Torres na Almeriya ya kafa kafin rasuwarshi a 1892, waya za ta ɓalle jakin ko ta kumbura fuskar. Tsirkiyu ukku na sama da kake gani kamar waya, zaren nailan ne aka naɗe da jan ƙarfe mai ruwan azurfa. Ka nemi tsirkiyar nailan ta D'Addario EJ45 saiti biyu ka aje dan ba ko'ina ake samu ba, ɗaure su ake a jaki da ƙulli, kuma sabuwa tana kwana da kwanaki tana saki kafin ta tsaya, kar kace makunnan da ake murɗawa a ja tsirkiya ne suka lalace.

In za ka saya, ko Sabon Gari Kano ko Alaba a Legas, ka duba bakin ramin da kyau, in zanen katakon fuska ya zarce har cikin kaurin to zalla ne, in ka ga layi-layi kamar an jera takarda filawud ne, dan akwai jabu masu ɗauke da manyan sunaye. Ka leƙa ƙasan jaki, in takarda na shiga tsakaninshi da fuska ka aje ta.

Ni dai in kuɗin sun kai, C5 da akwati. In ba su kai ba, CG122MC da akwati, ba C5 tsirara ba. In ka shigo Katsina ranar Asabar ka min magana, C5 ɗina na nan, wani abokina ma yana da CG122MS sai in karɓo, ka zauna ka kaɗa su ɗaya bayan ɗaya kafin ka tura kuɗi.