Na'urar Gano Kifi Don Masu Nitso: Mai Leƙa Ƙasa Ko Mai Leƙa Gefe?

Mai nitso ba kifi yake nema ba. Jirgin da ya nutse, dutse ko gangaren ƙasan ruwa yake so ya gano. Na'urar gano kifi, wadda ke aika sauti cikin ruwa daga kwalekwale tana nuna hoton abin da sautin ya taɓa, za ta iya yi masa wannan aikin.

Mai leƙa ƙasa, a kan 200 kHz (ma'aunin saurin kaɗawar sautin), kusurwar sautinta kusan digiri 20 ce. A zurfin mita 30 faɗin da take gani bai wuce mita 11 ba, don haka kwalekwale zai iya wuce tarkacen jirgi kusa da kusa ba a sani ba. Amfaninta shi ne zurfi na gaskiya, wanda da shi ake lissafin iskar kwalba da lokacin zama a ƙasa.

Mai leƙa gefe, irin SideVü ta Garmin ko Side Imaging ta Humminbird, tana share dama da hagu a lokaci guda. 455 kHz ta fi nisa, 800 kHz ta fi tsabtar hoto. Sai dai tana da ƙa'ida: tafiya miƙe, kilomita 5 zuwa 8 a awa. Ka karya kwana, hoton ya murɗe. Tsawon inuwar abu ne ke nuna tsayinsa. Kumfar farfela ma tana ɓata hoto idan an ɗaura na'urar dab da inji.

Wurin da ba a sani ba, ta gefe ce ke neman sa. Da an gano, a sa alama a GPS, a bi ta kai da mai leƙa ƙasa, sannan a jefa igiya mai nauyi da alamar da ke yawo a saman ruwa.