Wata takwas da agogon atomatik a hannuna, ga abin da na gani

Ni dai tun ina sakandare Casio F-91W nake ɗaurawa, wannan ɗan baƙin na roba da kowa ya sani, wanda ya fito tun 1989. Batir ɗaya kamfanin ya ce zai yi kamar shekara 7, ni wallahi har mantawa nake yi akwai batir a ciki. To bara sai wani abokina ya yi ta zuga ni wai babban mutum ba ya yawo da agogon yara, haka na je na sayi atomatik na hannu, ƙirar Japan, mai jigidar ƙarfe irin wanda alhazanmu na da suke dawowa da shi daga Makka.

Gaskiya yana da kyau, wannan kam ba musu. Bayansa gilashi ne, kana kallon wani ƙarfe mai kamar rabin faifai yana juyawa duk lokacin da ka motsa hannu, shi ne yake wana sifirin ɗin ciki, babu batir kwata-kwata. Hannun sakan ɗinsa ma tafiya yake sululu, ba irin tsalle ɗaya-ɗaya na masu batir ba. Satin farko har a cikin adaidaita nake cire shi in kara a kunne.

Matsalar ita ce shi wannan abu sai kana tare da shi. In ka ajiye shi ran Juma'a da dare ba ka ɗauka ba sai Litinin, to ka tarar ya mutu, don abin da yake riƙewa bai fi awa 40 ba. Kuma ko kana sa shi kullum nawa yana gudu da kamar sakan 20 a rana, ka ga a wata minti goma ke nan. Da azumi na gane haka sosai, agogona ya ce an sha ruwa ladan kuwa shiru, saura kaɗan in kai dabino baki, matata ce ta ce "Malam duba wayarka mana".

Na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a kasuwa, ya ce ai ba lalacewa ba ce, haka jininsu yake, sai dai a ɗan saita. Ya kuma ce in daina kwantar da shi kan sifika saboda maganaɗisu, kuma duk bayan 'yan shekaru sai an buɗe an wanke an sa mai, kuɗin kuma ya fi na batir nesa ba kusa ba. Shi ya ba ni labarin cewa tunda kamfanin Seiko suka fito da agogonsu mai batir mai suna Astron a 1969 masu batir suka kusa kashe musu sana'a. A cikin mai batir akwai wani ɗan dutse da ke ƙirga masa lokaci, sau 32,768 yake karkarwa a sakan ɗaya, ina sifirin zai kama wannan.

Yanzu atomatik ɗin na Juma'a ne da ɗaurin aure, da babbar riga yana zama ɗas. In saita shi da waya kafin in fita. Sauran kwanaki shida kuwa Casio ɗina na koma, ko alwala ba na cire shi, abokin nawa har yanzu yana min dariya.