Bokoloji, Bunaji ko Rahaji: wanne ya fi sauƙin kai a turke?

Alhaji, ka ce ka samu fili a wajen Ikorodu a jihar Legas, kana son turka shanu biyar zuwa Babbar Sallah, masu kula da su kuma samari ne biyu da ba su tashi a ruga ba. Kana tambayar wane iri ne ba zai wahalar da su ba, da kuma ko Brahman da Angus da ake ta yabo sun fi namu na gida lafiyar hali.

In ni ne, Bokoloji zan ɗauka, wato Gudalin Sakkwato. Sa ne mai nauyin jiki da sanyin rai, ƙahonsa gajere, wani ma kamar babu. Ba ya yawan firgita, ka zuba masa dusa da harawa ya ci ya kwanta yana tuƙa, abin da mai turka ke nema ke nan. Ko da ya fusata ya kai tunkuyi, ɓarnar da zai yi ba ta kai ta mai dogon ƙaho ba. Raunin sa ɗaya ne a nan kudu: ɗan busasshiyar ƙasa ne, damina mai tsawo da laka ba sa yi masa daɗi. Sai ka yi masa rumfa da daɓe mai tsanewa, in ba haka ba ciwon kofato zai cinye ribar.

Bunaji, farin nan mai baƙin kunne da baƙin hanci, shi ya fi yawa a garkunan Najeriya, don haka shi za ka fi gani a Kara ta Berger da Oko-Oba a Agege. Halinsa tsaka-tsaki ne. Yana horuwa sosai, shi ya sa manoman Arewa ke ɗaura masa garma da amalanke. Amma ya fi Bokoloji zafin nama da sa ido, kuma ƙahonsa ya isa ya yi rauni. Wanda ya taɓa noma, ko aka huda masa hanci tun yana ɗan maraƙi, yaro ma zai ja shi. Wanda aka kamo daga tsakiyar garke aka jefa tirela kuwa, sai ya yi kwanaki yana fisgar igiya kafin ya yarda da turke. A juriya ya fi Bokoloji, a saurin cika ido Bokoloji ya fi shi.

Rahaji fa, jan nan na Bororo mai ƙaho kamar ya taɓo sama, a bar wa masu shi. Ba mugunta gare shi ba. Da makiyayinsa ya shaƙu, yana jin muryarsa ya bi shi duk inda ya nufa, amma baƙo ba ya ko iya matsowa. An gina shi don doguwar tafiya, ƙafa dogaye, jiki ba ya tara nama da wuri. Ka kawo shi unguwar da janareta ke ruri, babura na hon, maƙwabta na kiɗan biki har dare, ran da ya tsinke igiya ya hau titi kai za a nema. Shanun da kan kufce wa mahauta su tarwatsa kasuwa, sau da yawa tsoro ne ya kore su, faɗa ba ya cikin niyyarsu.

Tunda wajenku akwai kurmi, ka san da Muturu da Ndama, masu jure sammore da ƙudan tsando ke kawowa. Muturu lafiyayye ne ƙwarai, sai dai tsayinsa da ƙyar ya kai mita 1, mai sayen san biki a Legas kuwa girma yake kallo. Ndama, wanda asalinsa tsaunukan Futa Jalon ne a ƙasar Gini, ƙarami ne shi ma amma akwai tsiwa da wuyar kamu.

Na waje kuma, Hereford na Ingila shi aka fi shaida da sanyin hali. Angus na Sikotland ba shi da ƙaho tun haihuwa, halinsa ba laifi, sai dai uwar na da zafi in ta haihu. Limousin na Faransa ya daɗe da sunan firgita, har masu kiwonsa suka riƙa zaɓen masu natsuwa don gyara irin. Dukkansu zafi da kaska na nan za su galabaitar da su kafin ka mori halin nasu. Brahman ne kawai zai iya da yanayinmu, don Amurkawa daga shanun Indiya masu tozo suka fitar da shi. Shi kuma ba ya mantuwa: ka lallaɓa shi ya riƙa bin ka, ka doke shi sau ɗaya ya riƙe ka a zuciya. Kuɗinsa ma ba na turkar wata uku ba ne.

Abin ya shafi aljihu kai tsaye. Sa mai firgita ba ya sakin jiki ya ci, don haka nauyinsa na tafiyar hawainiya. In kuma aka sha kokawa da shi kafin yanka, sikarin da ke ajiye a tsokarsa ya ƙone, naman ya fito baƙi-baƙi, ga tauri, ga saurin lalacewa. Mahauta sun san irin wannan naman da gani. A Amurka har maki ake ba saniya daga 1 zuwa 6, daga mai natsuwa zuwa mai kai hari, domin hali na bin jini zuwa ga ’ya’ya.

Amma a cikin Bokolojin ma akwai ɗan banza. Kada ka saya ranar da aka sauke su daga tirela, domin san da ya kwana biyu a tsaye ba ci ba sha, gajiya kan sa ya yi kama da salihi. Ka koma bayan ya huta ya ƙoshi. Ka matsa ta gefen kafaɗarsa a hankali, ka ga daga wane nisa yake ja da baya. Wanda ya ɗaga kai sama, farin idonsa ya bayyana, yana kaɗa wutsiya ba ƙuda, ka wuce shi ko dillali ya rantse. In da hali ka ɗauki dandaƙaƙƙu, sun fi bijimai kwanciya, kuma su biyar ɗin su fito daga garke ɗaya don kada su ɓata sati suna gwada ƙarfi. Samarin naka kuma ka karɓe musu sanda tun ranar farko, su riƙa ba da abinci a lokaci guda kullum, suna yi wa shanun magana kafin su taɓa su.