Wace na'ura za ka saya don fara koyon sarrafa sigina ta dijital?

Duk gyaran da wayarka ke yi wa muryarka kafin ta isa kunnen abokin magana, daga rage hayaniya zuwa kashe amsa-kuwwa, aikin sarrafa sigina ne, wanda masana ke kira DSP. Haka na'urar auna bugun zuciya da na'urar taimaka wa masu matsalar ji. Tushen ɗaya ne: a auna sigina sau da yawa cikin daƙiƙa, a mayar da ita lambobi, sannan a yi lissafi a kansu.

Kafin ka fitar da kuɗi, ka san wace sigina kake son kamawa. Ƙa'idar Nyquist ta ce dole yawan awon ya zarce ninki biyu na mita mafi girma da ke cikin siginar (mita ita ce yawan kaɗawar sigina a daƙiƙa, ana auna ta da Hz). Kunnen mutum yana ji har kusan 20,000 Hz, shi ya sa faifan CD ke ɗaukar awo 44,100 a daƙiƙa. Da wannan lissafin za ka gane abin da bai dace da kai ba.

Arduino Uno R3, wani ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa manhaja, shi ne mutane suka fi rugawa su saya, kuma nan nake jan kunne. Gudunsa 16 MHz ne, ma'adanarsa kilobayit 2 kacal, kuma a yadda ya zo bai kai awo 10,000 a daƙiƙa ba. Ka ce za ka yi FFT, wato lissafin da ke warware sigina zuwa mitocinta, a kan awo 256: jeri biyu na lambobi masu bayit huɗu-huɗu sun cinye bayit 2,048, ma'adanar ta cika ke nan tun ba a fara aiki ba. Ga zafin ɗaki ko bugun zuciya ya wadatar, amma sauti ya fi ƙarfinsa.

Mai son aiki da sauti, a ganina, ya nemi Teensy 4.0 ko allon STM32F4. Teensy yana gudu a 600 MHz, kuma yana da shiryayyun manhajojin sauti da za ka haɗa matatar sauti, wato abin da ke cire wasu mitoci ya bar wasu, ka ji sakamakon nan take. STM32F407, ɗaya daga cikin dangin STM32F4, bai kai shi sauri ba, 168 MHz ne, kuma ya fi wahalar shiri, sai dai irinsa ake amfani da shi a masana'antu, don haka wahalar ba ta faɗuwa ƙasa banza.

Raspberry Pi, ƙaramar kwamfuta a kan allo ɗaya, yana da ƙarfi, amma ba shi da sashen mayar da sigina lambobi, sai ka ƙara masa katin sauti.

Idan kuwa rediyo ne ke burge ka, RTL-SDR ya ishe ka. Ɗan ƙaramin abu ne da ake sokawa a USB, yana kama daga kusan 24 MHz zuwa 1.7 GHz, yana ba da awo wajen miliyan 2.4 a daƙiƙa. Karɓa kawai yake yi, ba ya watsawa, kuma bit 8 ne, wato matakan awonsa ba su da yawa, don haka tasha mai ƙarfi a kusa tana iya danne raunana.

Wanda bai riga ya zaɓi fanni ba, ya dakata da sayayya tukuna. Kwamfutar da ke gabansa tana da makirfo, ga Audacity ta naɗar sauti da gyara shi, da GNU Octave da Python na lissafi da rubuta manhaja, duk kyauta. Ya naɗi muryarsa, ya cire duk abin da ke sama da 3,400 Hz, zai ji ta koma irin ta tsohuwar wayar tarho.