Layin Saudiyya ko na gida: wanne maniyyaci zai riƙe?

Idan maniyyatan yankinmu na Ringim da Taura suka fara ɗaure jaka, bayan maganar guzuri sai ta waya: ta yaya za a riƙa jin muryar gida ba tare da riyal ya ƙare a kati ba? Ni shawarata ɗaya ce, da an sauka Jidda ko Madina a yanki layin Saudiyya.

Barin layin gida a kan romin, wato ya ci gaba da aiki a ƙasar waje, shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma mafi cin kuɗi. MTN ne ko Airtel ko Glo, idan ka kira a caje ka, idan aka kira ka ka ɗauka nan ma a caje ka. Ka tafi da layin saboda alat na banki, amma ka kashe datarsa tun kafin jirgi ya tashi. Shi kuwa eSIM, wato layin da ake saukarwa cikin waya ba tare da an sa sim ba, na masu manyan wayoyi ne, yawancinsa data ce zalla, babu lambar da Inna za ta kira.

Matasa za su ce ai akwai wayifai a masauki, a yi ta WhatsApp ko IMO kyauta. Gaskiya ne, saƙon murya yana tafiya. To amma wa ke ɗaya ɓangaren? Hajiya tana Makka, mai gida yana gona da ƙaramar waya mai tocila, ba data, sabis ɗin ma sai an fito bakin titi. Kuma ranakun Mina da Arfa, lokacin da aka fi buƙatar waya, wayifai ɗin yana can masauki.

Shi ya sa nake son layin can. Manyan kamfanonin uku ne: STC da Mobily da Zain, kuma suna da tsari na baƙi mai haɗe da data da mintunan kira. Ka miƙa fasfo da biza, ka dangwala yatsa, a yi maka rajista da sunanka. Kafin ka biya, ka tambaya ƙarara ko mintunan sun haɗa da Najeriya, domin wani tsarin na kiran cikin Saudiyya ne kawai. Da layin can za ka sa +234 ka kira ƙaramar wayar nan kai tsaye, da shi jagoranku zai same ka idan ka ɓace a cunkoson jifa. Ka rubuta lambarka mai +966 a takarda ka sa a jakar wuya. Ku tsayar da lokacin kira da mutanen gida, a tuna agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Kada ka sayi layi a hannun mai yawo da su a leda a ƙofar masauki, ko da Hausa yake ji, ko da ya ce ɗan garinku ne. Baffana da na raka ya saya a wurin irinsu, an ce masa ba sai ya sha jira a shago ba. Layin da sunan wani aka yi rajistarsa. Ana cikin kwanakin Mina aka rufe shi da katin da ke ciki. Dattijo ya zauna a tanti yana juya waya a hannu yana cewa, "Ɗan nan, duba mini, ko caji ne?" Mai ledar kuwa ko ƙurarsa ba mu sake gani ba.

Akwai wanda ya fi wannan muni: mai na'ura da zai sa ka dangwala yatsa sau biyu sau uku, ya ce na farko bai kama ba. Zai iya buɗe wasu layukan da sunanka ya sayar, duk ɓarnar da aka yi da su kai za a nema. Katin da aka riga aka kankare ma kada ka karɓa. Ka shiga shago mai tambarin kamfani, ka karɓi rasit, kuma kada ka bar wurin sai ka kira gida an ɗauka.