Digirin nazarin al'ummomin asali: Kanada, Niyuzilan ko Ostireliya?

Duk mai shirin karanta nazarin al'ummomin asali, wato mutanen da suke zaune a ƙasa tun kafin zuwan 'yan mulkin mallaka, a digirin farko ya sani cewa kowace jami'a tarihi da harshen mutanen da ta zauna a ƙasarsu take koyarwa. Sunan kwas ɗin na iya zama ɗaya, amma miyar kowace tukunya daban ce. Kafin ka duba matsayin jami'a a jadawali, ka fara tambayar kanka: wace al'umma nake son sani, kuma wane harshe zan koya?

Kanada ta fi sauran yawan zaɓi, digirinta kuma galibi shekara 4 ne. Jami'ar Trent da ke jihar Ontario ce ta fara buɗe wannan fanni a ƙasar, a 1969. Yanzu sashen yana ɗauke da sunan Chanie Wenjack, yaro ɗan shekara 12 da ya gudu daga makarantar kwana ta dole a 1966, ya bi layin dogo yana neman gida, sanyi da yunwa suka kashe shi a hanya. Yaran 'yan asalin ƙasar kusan 150,000 aka raba da iyayensu aka kai irin waɗannan makarantu. Hukumar gaskiya da sulhu ta fitar da shawarwari 94 a 2015, kuma da wuya ka gama ajin farko ba ka karanta su ba. Ka shirya zuciyarka, domin karatu ne mai sosa rai.

Akwai kuma First Nations University of Canada a birnin Regina, wadda 'yan asalin ƙasar suka kafa a 1976 tare da Jami'ar Regina. A can dattawan al'umma suna cikin harkar makaranta, ɗalibi na iya zama gabansu ya ɗauki ilimi baki da baki, kuma ana koyar da harsuna irin su Cree. Jami'ar Alberta kuwa tsangaya guda ta ware wa fannin. Tana da kwas kyauta a Coursera, shafin karatu ta intanet, mai suna Indigenous Canada, darussa 12. Ina ba kowa shawara ya fara da shi kafin ya biya ko sisi, ya gwada ko zai iya jure wa fannin.

In don harshe ne, ni Niyuzilan zan zaɓa. Digiri shekara 3 ne, kuma hankali ya fi karkata ga al'umma ɗaya, wato Mawori, shi ya sa karatun yake yin zurfi. Yarjejeniyar Waitangi ta 1840, wadda aka ƙulla tsakanin Birtaniya da shugabannin Mawori, ita ce ginshiƙin darussan shari'a da siyasa, harshen Mawori kuma ya zama harshen hukuma tun 1987. Jami'o'in Waikato da Auckland suna da marae, dandalin taron al'umma, a cikin harabarsu. A nan ake tarbar baƙi: mace ce take fara ɗaga murya ta kira su, a yi jawabai da waƙoƙi, sannan a gaisa ta hanyar haɗa hanci da hanci. Ɗalibin da ke kunyar buɗe baki ya yi magana da sabon harshe a gaban jama'a zai sha wuya a farko, amma shi ne zai fi ƙaruwa.

Ostireliya ma shekara 3 ce, da ƙarin shekara ɗaya ga mai son bincike. Ƙarfinta yana wajen batun mallakar ƙasa, musamman hukuncin Mabo na 1992, inda kotu ta amince da haƙƙin 'yan asalin ƙasar a kan filayensu na gado. 

Sai maganar kuɗi, inda mutane da yawa ke yaudarar kansu. Yawancin tallafin karatu na waɗannan sassa an tanade shi ne don 'ya'yan al'ummomin asali, kuma haƙƙinsu ne. Ɗalibin da ya zo daga waje kuɗin baƙi zai biya, wanda kan ninka na 'yan ƙasa. Kanada ta taƙaita yawan bizar ɗalibai a 2024, kuma a shekarar ta ɗaga kuɗin guzurin da za a nuna a banki zuwa dalar Kanada 20,635, ban da kuɗin makaranta. Ka duba adadin na bana a shafin hukumar shige da fice da kanka, kada ka dogara da bakin dillali.

Aiki fa? Gaskiya digirin shi kaɗai ba ya buɗe ƙofofi da yawa ga wanda zai dawo gida. Ka haɗa shi da ilimin muhalli, kiwon lafiyar al'umma, koyarwa ko nazarin harshe, tunda yawancin jami'o'in suna ba da damar ɗaukar fanni biyu. A yankinmu akwai inda zai yi amfani: Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da kundin haƙƙoƙin al'ummomin asali a 2007, Najeriya ta ƙaurace wa ƙuri'ar, Mbororo da Buzaye kuma suna cikin masu neman haƙƙinsu da shi. Hindou Oumarou Ibrahim, 'yar gwagwarmayar Mbororo daga Chadi, ta kai batun makiyaya da sauyin yanayi har zaurukan duniya.

Idan ka rubuta wa sashe wasiƙa, ka tambaye su malamai nawa ne 'yan asalin al'ummar, ko koyon harshe dole ne, da kuma ko ana fita aiki cikin al'umma kafin a kammala. Sashen da ya yi ta kwana-kwana a kan waɗannan, ka nemi wani.