Odar yunifom dubu: tela, masana'anta ko ƙasar Sin?

Mai makaranta ko ɗan kasuwar da zai ɗinka rigunan yunifom guda dubu yana da hanya uku: ya sayi yadi a Kantin Kwari ya raba wa teloli, ya ba masana'antar ɗinki a Kano, Aba ko Legas, ko ya tura oda birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Duk inda ka je samfur mai kyau za a nuna maka, domin shi aka zauna aka ɗinka a tsanake. Ka fifita wanda zai bari ka gwada kayan kafin ka biya cikon kuɗi.

Teloli sun fi dacewa da ƙaramar oda, ɗari biyu zuwa uku. Gyara nan take ne, amma tela goma hannu goma ne: lambar girman riga ɗaya sai ta fito da faɗi iri uku. Maganinsa a yanka kwalin awo na kowace lamba, mutum ɗaya ya yi yanka duka. A nan alhakin yadi yana wuyanka. Yanko ƙyalle, ka zana santimita 50 tsawo da 50 faɗi, ka wanke, ya bushe, ka sake aunawa. In ya ragu fiye da santimita biyu da rabi, wato kashi 5 cikin ɗari, riga za ta ɗage wa yaro tun zangon farko. Jiƙa farin ƙyalle ka goga a jikin yadin sau goma. In launi ya kama shi sosai, yadin yana zuba. Bandir biyu masu launi ɗaya kuma ka haɗa su a hasken rana, don in ba tukunya ɗaya aka rina su ba, aljihu sai ya bambanta da jikin riga.

Daga ɗari biyar zuwa sama, masana'antar gida ta fi, muddin za ta bar ka ka shiga ɗakin ɗinki. Ku sa hannu a kan samfur biyu, ɗaya wurinka ɗaya wurinsu. Ranar karɓa ba sai an duba dubun ba. A ma'aunin AQL 2.5 (na yawan aibin da za a iya lamunta a kaya) da masana'antu suka saba da shi, ana zaro riga 80 cikin dubu: in biyar ko ƙasa da haka ke da babban aibi an karɓa, in sun kai shida an mayar a sake tacewa. Da hannunka za ka zaro, daga katan daban-daban, har na can ƙasa. Juya riga ka duba ciki. Ɗinkin da ya tsallake, tabon man keke, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, maɓallin da ke fita da ɗan ja kaɗan. Ƙirga ɗinki a inci ɗaya, ya kamata ka samu 10 zuwa 12. In bakwai ne an yi gaggawa, hammata za ta fashe. Tambayi yadda suke yi in allura ta karye. Masu tsari ba sa ba da sabuwa sai an harhaɗa guntayen tsohuwar, saboda guntun allura a rigar yaro ba abin wasa ba ne.

Sin tana da araha in odar ta yi yawa, sai dai kayan da suka hau jirgi ba sa komawa. Rubuta nauyin yadi, giram nawa a murabba'in mita, da yawan auduga da na foliyesta, sannan ka biya kamfanin dubawa irin SGS ko Intertek ya duba kafin a rufe kwantena.

Batun muhalli galibi a rini yake. Rinin auduga yana cin gishiri da soda da yawa, ragowar launi kuma tana bin ruwa. Mutanen Kano sun san launin ruwan da ke fitowa daga masana'antun fata da na rini a Sharaɗa, Challawa da Bompai, sun kuma san akwai masu lambu da ke ban ruwa a ƙasansa. Tun 2009 hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, take da ƙa'idoji kan masana'antun yadi, tufafi da fata, don haka ba rashin kunya ba ne ka tambayi inda aka rina yadin, ka nemi ganin wurin tace ruwan yana aiki.

Takardun shaida ma kada a ruɗe ka da su. ISO 9001 shaida ce ta tsarin aiki, ISO 14001 ta tsarin kula da muhalli. Babu wadda ta ce an gwada rigarka. OEKO-TEX Standard 100 ita ce ke nuna an gwada yadin kansa game da sinadarai masu cutarwa, ciki har da wasu sinadaran rini da ake kira azo, waɗanda Tarayyar Turai ta haramta a 2002 saboda haɗarin cutar daji. Yaro zai yini yana gumi a cikin rigar nan, saboda haka ka karɓi lambar takardar ka duba ta a shafin OEKO-TEX, ka tabbata ba ta ƙare ba, kuma irin yadin da za a yanka maka ne a jikinta.